Ƙwayar Masoro

Wasiƙar ta zo ran Talata, ruwa na zuba a Bristol,
ta kwanta bakin ƙofa tare da takardar kuɗin wuta.
Na sa tabarau. Lauya Hargreaves ne:
"Madam Glenys, shekara tamanin da ɗaya suka rage.
Kada ki bari su sauka ƙasa da tamanin,
in sun sauka, farashi zai yi tashin gwauron zabo."

Tamanin da ɗaya.
Ni mai saba'in da tara, gwiwa na kuka kamar tsohon ƙyaure,
wai ni ce zan yi sauri kada lokaci ya ƙure.

Ni da Alwyn mun ɗauka saye muka yi.
Shekara ashirin da biyar banki na yankar albashi,
shi yana tuƙa bas, ni ina gugar zannuwan asibiti.
Ran da muka biya na ƙarshe ya sumbaci bangon kicin,
ɗanyen fenti ya kama masa gashin baki.
Ashe bangon ma ba namu ba ne.
Ƙasa ta wani, rufi na wani,
matakala talatin da takwas na wani.
Lokaci muka saya,
iskar hawa na uku, an auna mana ita da kalanda.

Mai ƙasar ban taɓa ganin ƙwayar idonsa ba.
Kamfani ne, gidansa akwatin wasiƙa a wani tsibiri.
Ba ya tari, ba ya furfura, ba ya zuwa gaisuwar mutuwa.
Sai dai kowane Maris ya miƙo hannu ta cikin ambulan.

Ya turo mai awo, yaro ne da takalmi mai tsini.
Ya haska jan ɗigo a bango, ya rubuta.
Ya auna falo, ya auna tagar da ke kallon kogi.
Bai auna layukan fensir a jikin ƙofa ba,
inda Tamsin jikata ta yi ta hawa har ta wuce kaina.
Bai auna lotsawar kujerar Alwyn ba.
Na ba shi shayi, ya sha, ya yi godiya.
Bayan sati uku: fam dubu goma sha huɗu,
ban da kuɗin lauyana,
ban da kuɗin nasu lauyan, shi ma ni zan biya.
Kura ta cinye akuyarka, ta aiko ka sai mata tsinken sakace.

Fenwick na hawan ƙasa ya ce, "Rabu da su.
Wa zai kai can? Je ki bakin teku ki sha rana."
Kwana uku ina juyi.
Sai na tuna Tamsin da ɗakin hayarta,
rabin albashi, da baƙin danshi a silin.
Na ciro littafin ajiya daga ƙarƙashin safunan Alwyn.

Ran Juma'a na sa hannu.
Biro ya ƙi, na hura masa, ya yarda.
Casa'in a kan tamanin da ɗaya,
na haɗa a bayan rasit ɗin madara:
ɗari da saba'in da ɗaya.
Duk wanda zai ga ƙarshenta,
kakarsa ma ba a haifa ba tukuna.
Wata ƙila ta tsaya a wannan taga, ta zagi wanda ya zaɓi fentin nan.
Ta zaga. Na yafe.

Hargreaves ya rako ni ƙofa yana murmushi:
"Kuɗin ƙasa kuma ya koma ƙwayar masoro ɗaya a shekara.
Maganar doka ce kawai, ba mai zuwa karɓa."

Na hau talatin da takwas, na huta sau biyu.
Kafin in cire kwat na buɗe kwalba,
na zaɓi ƙwaya mafi ƙanƙanta, mai yamutsattsiyar fuska,
na ɗora ta a kan ƙaramin faranti bakin taga.

Tana nan.
In yana so, ya hawo da ƙafarsa.