Masuncin Dutse

Kawu Bassu bai taɓa ganin teku ba,
amma kullum da asuba yakan hau Isumur
da guduma, da gurasar sha'ir, da butar shayi,
ya ce ya tafi su.

Mutanen Alnif sun daina yi masa dariya.
Nan ɗin da can ruwa ne.
Ruwan ya tattara nasa ya nasa ya tafi,
ya manta da ƙananan a baya.

Sai ka fasa dutse ɗari
kafin ɗaya ya nuna maka baƙin layi
siriri kamar gashin gira.
Ka riga ka raba shi biyu kafin ku gaisa.
Kawu yakan haɗa ɓari da ɓari, ya liƙe,
ya ce, "Yi haƙuri,"
ya sa shi a aljihun jallabiya.

A gida sai allura.
Kwana goma sha tara, shi yana tona, ni ina hurawa.
Baya ya fara fitowa, kunya uku a jere
kamar gonar da aka nome aka rasa mai shuka.
Sannan kai. Sannan ido,
ƙwayoyi ƙwayoyi kamar saƙar zuma.
Ya dunƙule irin na bushiya:
wani abu ya tsorata shi
tun ba a yi rumfar da za a kira inuwa ba,
har yau bai saki jiki ba.

Maƙwabcinmu Addi yana zuba nasa a kwano,
ƙaro da garin dutse, goma kafin azahar.
Baƙi sun fi son nasa, ba su da tabo.

Na tambayi Kawu, "Ina danginsa?"
Ya ce, "Ba jika, ba tattaɓa-kunne.
Gidan gaba ɗaya aka rufe.
Mu ne masu zuwa gaisuwa, mun makara."

Bana allurar tana kuskure.
Yakan matso da fitila, ya ce an rage mata wuta.
Ba a rage ba.
Ya buɗe idanu sun fi dubu,
nasa biyun suna rufewa.

Jiya wata baƙuwa ta taya dirhami ɗari biyu.
Kawu ya shafa ƙwaron da babban yatsa,
ya juyar da fuskarsa wajen taga
ya ce, "Bari ya ga rana tukuna."

Da ta fita, ya miƙo mini allurar
ta wajen gindi.