Kiran Suna a Tudun Jamus

Ashirin da bakwai na rubuta da kaka,
kowa da layinsa, kowa da lambarsa.
Yau Litinin, bazara ta kunno kai,
na buɗe littafi, na ɗaga ido:
goma sha ɗaya ne a kan benci,
sauran shiru ke amsawa.

Mutari?
Na gan shi jiya a bakin Kasuwar Dole
bisa kabu-kabun wani, yana ƙirga canji.
Ya kau da kai, ban ga laifinsa ba.
Can jaka biyu kafin magariba,
nan kuwa alli, da alkawarin
takardar da sai baɗi ake bayarwa.

Zabeiru?
An ce ya hau motar Agadas,
Jado yake so, ko abin da ya fi Jado nisa.
Yaron da ke jan layin walda
sumul kamar ɗinkin hula,
yau ƙasar wasu yake tonawa.

Sahiya?
Ita kaɗai mace, ta fi su tsayuwar hannu.
Daga Garin Malam take tahowa a ƙafa
bayan ta kwana a layin famfo da jarka shida,
tana jiran ruwan da ke zuwa Damagaram
kamar baƙo mai sauri.
Ta makara sau uku, mai gadi ya ja ƙofa.
Doka ce, in ji shi. Doka ta cika,
Sahiya ta bar dawowa.

Kada in labta wa talauci dukan kayan,
jakin nan ya gaji da laifin kowa.
Mu ma da namu:
inji ɗaya ga hannu hamsin da huɗu,
wuta ta ɗauke tun hantsi,
sai in koma allo ina zana ƙarfe da alli.
Wa ya taɓa koyon iyo a kan tabarma?
Ciki ba ko koko, ina cewa a auna milimita.
Ilu ya ce mini, Mushe,
babana kullum tambayarsa ɗaya: me ka kawo?
Ni kuwa kaye nake nunawa.

Wannan magana ta hana ni barci.

Na je wa darekta da baki, ba da takarda ba.
Na ce a bar mu mu karɓi aikin gari,
ƙofar shago, kurar ruwa, murhun gawayi,
gadon da ya karye ƙafa.
Abin da ya shigo a kasa shi uku:
na kayan aiki, na tukunyar rana, na aljihun yaro.
Wanda ya makara a tambaye shi dalili.
Wanda ya yi fashin kwana biyu,
kafin jan biro ya hau sunansa
a hau keke a je a yi sallama a gidansu.
Ya ce babu wannan a lissafi.
Na ce leƙa aji, can ma babu kowa.

Ya daɗe yana kaɗa makullai
kafin ya ce a gwada.

Sahiya yanzu da azahar take shigowa,
kurar da take tura ruwa ita ta haɗa ta.
Ilu ya kai gida dala ɗari uku da tabon wuta a yatsa,
an ce tsohon ya fi kallon tabon.
Zabeiru ba labari.
Na bar layinsa fari, ban soke ba,
biro ya ƙi, ko ni na ƙi, ban sani ba.

Ran Alhamis da la'asar sai ga Mutari
yana jan babur, ƙafar jingina ta ɓalle.
Ya tsaya daga waje: Mushe, nawa ne gyara?
Ban ce kala ba.
Na miƙa masa gilashi da safar hannu,
na matsa gefe.

Ya duƙa. Tartsatsi ya tashi.
Hannun bai manta ba.
Ni kuwa na juya baya,
littafin nake lalubawa.