Jan Fenti a Bakin Korle

Ran Talata suka zo, su uku, da sanda mai ido.
Ɗaya na leƙe, ɗaya na rubutu,
na ukun yaro ne, riƙe da gwangwanin jan fenti.
Tun daga tafiya na gane shi:
Awudu, ɗan Lantana mai koko,
wanda na koya wa tare ƙwallo da ƙirji
tun yana da giɓi a baki.
Bai dube ni ba. Ya ja gicciye a bangona,
fentin ya gangaro kamar an yanka zakara.

Ni ne Gariba mai ɗinkin ƙwallo.
Shekara talatin da ɗaya ina bakin Korle,
inda ruwa ya manta cewa shi ruwa ne.
Baƙi ƙirin, leda na yawo a kansa kamar agwagi,
warinsa kuwa sai ka kwana bakwai kake daina ji.
Ataa Kwao ya ce kakansa ya kama karfasa a nan.
Mukan yi dariya. Shi ba ya yi.

An ce za a wanke ruwan,
a jera kwakwa, a rataya fitilu,
a kafa filin wasa mai cin mutum dubu arba'in.
Wasu sun ce a'a, a kai shi bayan gari,
hanyar Nsawam, inda ƙasa ba ta yi tsada ba.
Teburin shayin Bawa ya rabu biyu:
direbobin tirotiro na son nesa, don nesa ce tuwonsu,
masu tsire na son kusa.
Aka ce, Gariba, kai fa?
Na ce allurata ta faɗi, ina nema.

To me zan ce?
Shekara tara na tsare gida
a kan ƙasa mai ƙusa da fasasshiyar kwalba.
Gwiwoyina taswirar unguwar nan ce.
Ban taɓa faɗuwa kan ciyawa ba, ko sau ɗaya.
Ina so in ga yaro ya faɗi ya tashi ba jini.
Ina so. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba.

Da dare na fita aune da ƙafa.
Awudu ya raɗa wa uwarsa inda tsakiya za ta zauna:
famfon da muke bin layi da asuba.
Daga famfo na ƙirga taku sittin zuwa gabas,
na tsallake kwata, na kewaye shagon mai gyaran rediyo,
na tsaya.
Ƙofata ce.
Ashe raga a ɗakina za ta tsaya,
daidai inda Adiza ta yi jinya damina biyu,
tana cewa buɗe tagar nan, bar warin ya shigo,
ina son ganin wata a kan ruwa.

Na yi dariya har karen maƙwabta ya amsa.
Wato duk wanda zai ci, ta kaina zai ci.
Tsohon gola, har yau ba a sallame ka ba.

Laraba da safe Awudu ya dawo shi kaɗai,
tsohuwar ƙwallo a hammata, ɗinkinta ya warware.
Ya ce, Baba, takarda ba ta fito ba tukuna,
wataƙila Nsawam, wataƙila ma a fasa,
ka san halinsu.
Na ce na sani. Miƙo ta nan.
Sidi goma ne, kai kawo biyar.

Na tsinci allurata inda na ɓoye ta.
Ya zauna kan benci cikin farar rigar aiki,
ya jingina baya da bangon, yana kallon ruwa.
Ban gaya masa fentin bai bushe ba.