Jarin Ƙanƙara

Shekara goma sha ɗaya ina sayar da ƙanƙara
a bakin Ƙofar Ƙwaya,
firiza shida, janareto ɗaya mai tarin tsufa.
Na ci bashin banki na ƙaro uku
a shekarar da man gas ya yi tashin gwauron zabi.
Wanda ya zuba jarinsa a ruwa,
wata rana da tsintsiya zai kore shi.

An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa.
Nawa ya fito waje, ƙudaje sun gani.
Abin da na mallaka yanzu baƙar leda ce:
rasit, takardar gargaɗi biyu, sammaci,
da littafin masu bina,
wanda ya fi na waɗanda nake bi kauri.

Lauyan farko yana saman bene a Ƙofar Ƙaura.
Sanyin ofishinsa ya tuna mini shagona.
Bai kwance ledar ba.
Ya dubi takalmina, ya dubi agogo,
ya ce buɗe fayil dubu ɗari biyu.
Na ce, Barista, da ina da su
ai gas zan saya, ba magana ba.

Wani kuma aminina Lawandi ya kai ni gidansa
bayan Isha'i, aka kawo shayi.
Ya sassauta murya: gidanka na Rafindadi,
mayar da shi sunan ƙanin matarka,
mu sa kwanan watan bara.
Firiza biyu su je su kwana Ɓatagarawa.
Shayin ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba,
kuma kwana uku ina juya maganar
kamar mai juya waina a tanda.
Amma na san ramin ƙarya ƙurarre ne.
Na kuma san ƙanin matata.

Ran Talata, a harabar kotu, gindin dalbejiya,
Malam Ɗayyabu mai buga takardu
ya nuna mini hanya da bakin biro:
je ka wurin 'yar Mani.
Ba ta da fara'a, amma tana karanta abin da aka ba ta.

Barista Ramlatu.
Fanka ɗaya a ɗakin, ita ma tana jiran wuta.
Ta zazzage ledar bisa tebur,
ta bi rasit ɗaya ɗaya
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Har aka kira Azahar ba ta ɗago ba.
Sannan ta ce: shagon ba zai tsira ba.
Motar ma haka.
Gidan za mu gwada, ban yi alkawari ba.
Ladana kaza ne, biya uku, ga shi a rubuce.
Duk yawon da na yi,
ba wanda ya lissafa mini abin da zan rasa sai ita.

Ta ce, saura wa?
Na ce, sun ƙare.
Ta ce, wa ke tura maka ƙanƙarar zuwa tasha?

Sagiru.
Wata huɗu ban ba shi ko sisi ba.
Bai taɓa aiko takarda ba,
gaisuwa kawai yake zuwa, ya daɗe a tsaye.
Ta rubuta sunansa a saman na banki,
ta ce: ko alƙali zai bi wannan jeri, wannan aikina ne.
Naka, kada ka sake mantawa da shi.

Na sa hannu.
Biron ya yi gardama, sai da na karta shi a tafi.

Da na fito rana ta take.
Wata yarinya na tallar ruwan leda.
Na taɓa ɗaya da bayan hannu, halin sana'a:
ƙanƙarar wani ce, ta kama sosai.
Na saya, na shanye a tsaye,
na nufi tasha neman Sagiru.