Minti Sha Tara

Ƙarfe huɗu da rabi na baro Agege,
ladan bai ko gyara murya ba.
Danfo ta haɗiye ni, ta amayar a Oshodi,
wata ta sake haɗiyewa har Yaba,
kwamfuta a ƙirjina
kamar jinjirin da ake gudu da shi asibiti.

Hawa na bakwai.
Ƙofar gilashi ta san babban yatsana
fiye da yadda Oga Folarin ya san sunana.
Tasi'u nake. Shi Tas yake cewa,
wai ragowar ɓata lokaci ce.

Taron safe a tsaye muke yin sa
kada kujera ta koya mana dogon zance.
Me ka yi jiya? Me za ka yi yau? Me ya tare ka?
Ba wanda ya taɓa cewa barci,
ko kuɗin haya,
ko 'yata ce ta fara tafiya ban gani ba.
Babu komai, muke cewa, bi da bi.

Nkiru ta ce aikin nan zai ci mako uku.
Oga ya yi murmushi, ya rubuta Juma'a a allo.
Ya riga ya sayar wa kwastoma gidan,
mu ko tubali ba mu buga ba.
Mu nan dangi ne, in ji shi,
ya sa a kawo shinkafa ƙarfe goma na dare.
Wane dangi ne ke sayen daren mutum da cinyar kaza?

Ran Laraba ƙwaro ya shiga manhaja.
Waƙafi ɗaya tak ya ɓata
a layi na dubu biyu da ɗari shida.
Ni da Gbenga muka bi sawunsa har asuba,
janareto na tari a ƙasa,
idanunmu kamar an zuba barkono.
Da aka gyara, godiya ta hau lifta ta tafi sama.
Da ya sake fashewa,
laifi ya sauko ta matakala yana tambayar teburina.

Sai aka kira ni ɗakin sanyi.
Tas, wata 'yar manhaja muke so,
ta riƙa ƙirga motsin linzamin kowa.
Minti biyar hannu bai motsa ba,
ta shafa wa sunan mutum ja.
Kai ne gwaninmu.

Igiyar da za a ɗaure mu,
ni aka miƙa wa kaba in tufka.

Na so in ce masa rabin aikin nan shiru ne.
Sa'ad da Nkiru ke tsaye bakin taga
tana bin kwale-kwalen Makoko da ido,
lokacin take kwance ƙullin da ya gagari mutum biyar.
Ko rijiya sai an ɗaga mata guga take tara ruwa.
Ban faɗa ba.
Mai gidan haya ya kira sau biyu a makon nan.

Na rubuta. Abin haushi, ta yi kyau.
Amma can ciki, inda Oga ba ya leƙawa,
wurin da aka ce biyar
na sa sha tara:
daidai alwala da raka'a huɗu a ƙarƙashin matakala,
daidai kiran waya zuwa Enugu
inda mahaifiyar Nkiru ke kwance,
daidai Gbenga ya kifa goshi a tebur
ya tuna shi mutum ne.

A samansa na bar layi ɗaya da Hausa,
irin layin da na'ura ke tsallakewa:
Kai da za ka gaji kujerar nan,
don Allah bar musu wannan.

Sha ɗaya da kwata na isa gida.
Ummita ta yi barci da takalmi ɗaya a ƙafa.
Na zauna kusa da ita, hannuna bai motsa ba,
ban san minti nawa ba.