Awon Wuta

Na sauka Gujungu ran kasuwa
da guntun ƙarfe a aljihu,
shekara bakwai ina haɗa shi,
har ya jawo mini sunan Dokta.

Kawu Cindo bai ko miƙe ba.
Ya karɓa, ya sake shi kan uwar maƙera,
ya kasa kunne.
"Akwai tauri," ya ce, "amma babu haƙuri.
Zai karye."

Abin da injinmu ya faɗa ke nan,
bayan wata goma sha ɗaya
da kuɗin gona biyar.

Na naɗe hannun riga, na kama zuga-zugi.
Ni da lamba nake auna zafi,
shi da launin ja.

Garmar Talle ce a wuta.
Hadari ya haɗo gabas,
kuma damina ba ta jiran mujalla.