Matakala Ɗari da Goma Sha Bakwai

Shekara huɗu ina ce wa jama'a an cire.
An cire, na ce wa mai burodi,
an cire, na ce wa Herminia tana shanya a baranda,
har tabon ƙasan cibiyata ya koɗe
kamar ɗinkin tsohon wando.

Sai ga takarda ranar Talata:
sifili, ɗigo, biyu.
Bayan wata uku, sifili, ɗigo, huɗu.
Lambar da ba ta isa sayen ashana ba
ita ta raba ni da barci a Valparaíso.

Likita Quiroga ta juyo min da allon kwamfuta.
Don Eleodoro, in ji ta, sankarar ta bar 'yar saiwa
a gurbin da muka yi aiki, ƙarƙashin mafitsara.
Na ce, wato an kashe maciji ba a sare kai ba.
Ta ce, ƙarami ne, kuma mun san raminsa.

Shekara talatin na yi ina shafa wa igiyar ƙarfe mai,
igiyar keken da ke jan mutane daga bakin teku zuwa kan tudu.
Na san dokarsa tun ina yaron shago:
ɗaya ba ya hawa sai ɗaya ya sauka.
Ga shi dokar ta biyo ni gida.
Don lambar ta sauka, sai an sauke wani abu nawa.

Aka yi min ɗigo uku na tawada a ƙugu,
zanen jikina na farko, ina da sittin da takwas.
Kwana talatin da uku na gashi.
Kofi uku na ruwa, sannan a riƙe.
Mu bakwai a benci, tsofaffi, ƙafa kan ƙafa,
kowa na kallon agogo kamar mai bin sa bashi.
Nibaldo masunci ya ce, rabin rayuwata teku ta ɗauke ni,
yau ni ke ɗauke da ita, kada wanda ya ba ni dariya.
Muka tuntsure. Ɗayanmu ya tashi ya sake shan ruwa daga farko.

Na'urar tana kewaya ni, tana gunaguni.
Kunnen makaniki ba ya ritaya:
na so in ce musu akwai inda ke son mai.

Allurar kuwa duk wata uku.
Ta shiga ɗaki ta rage fitila ba sallama.
Tsakar dare zufa ta karyo min a watan sanyi,
na yaye bargo ina huci.
Herminia ta buɗe akwati ta ɗauko maficinta,
wanda ta ajiye shekara goma sha biyar da suka wuce,
ta ce, karɓi, lokacin nawa ai tsokanata ka yi.
Ta yi min fifita har zakara ya yi cara a tudun maƙwabta.

Abin da allura ta ɗauke a gadon nan, ba mu kira sunansa ba.
Hannunta dai ya san hanyar hannuna,
ba ya bukatar haske.

Jiya aka miƙo wata takardar.
Na'ura ba ta ga komai ba.
Likita ba ta ce an warke ba, ni ma na daina faɗin an cire.
Ta ce, sai wata shida.
Na ce, to, wata shida ma gona ce, a noma ta.

Keken unguwarmu ya lalace tun bara,
yaran yanzu sun ce suna jiran kaya daga waje.
Matakala ɗari da goma sha bakwai zuwa ƙofata.
A ta sittin nake zama,
inda wani baƙin kare ya amince mu raba inuwa.
Jiragen ruwa na shiga, wasu na fita.
Burodin yana hucewa a cinyata,
Herminia na leƙowa daga sama tana nuna min agogo.

Saura hamsin da bakwai.
Na dafa gwiwa.